Yadda Shugaban Amurka na Shida Ya Ɓata Mini Shiri

Ubana ya zane mutumin da bai yi laifin komai ba har sau biyu a cikin wata guda, kuma ta wannan ƙofar ce shugabannin Amurka suka shigo gidanmu.

Sai na fara da bazan kafin a gane. Haka mutanen Makka ke kiran wurin ɗiban ruwan unguwa, wani ɗakin dutse mai famfuna a jikinsa. Namu yana gindin dutsen da muke zaune a kai, can bayan Misfala, inda gidaje duk na gwangwani ne da aka fasa aka daddale. A shekarun nan na bayan yaƙin Turawa babu gidan da ruwa ke zuwa da ƙafarsa. 'Yan ga-ruwa ne ke hawa da shi, garwa biyu a jikin sanda, sanda a kafaɗa, tun asuba har faɗuwar rana. Yawancinsu namu ne, Hausawan da suka zo hajji a ƙasa suka zauna, sai tsirarun 'yan Yaman. Baba shi ne shehunsu.

Kayan shehuntaka biyu ne, buzu da tsumagiya. In mai ruwa ya tsallake layi, ko ya yi wa matar gida rashin kunya, ko ya jiƙa wa mai wucewa riga bai ba da haƙuri ba, sai a shimfiɗa buzun a bakin bazan, ya kwanta rub da ciki, shehu ya ba shi rabonsa a gaban kowa. Ya tashi, ya sumbaci kan shehu, magana ta mutu. Ba a musu da shehu in buzu yana ƙasa. Baba ya karɓi tsumagiyar tun ina goye, ga shi har na yi aure na fito na dawo gida ina soya gyaɗa, tana hannunsa.

Idonsa ne ya fara yana. Kowa ya sani, shi ma ya sani, amma ka faɗa ka ga tashin hankali. Ran nan mai ƙara da wanda ake ƙara suka tsaya gabansa, dukkansu dogaye, dukkansu da jan ƙyalle a ƙugu. Baba ya saurara tsaf, ya yanke hukunci daidai, sannan ya nuna mai ƙarar ya ce, "Kwanta." Bawan Allah ya duba dama ya duba hagu, bai ga mai ceto ba, ya kwanta ya sha, ya tashi ya sumbaci kan da ya zalunce shi. Na biyun ya fi muni. Wani tela ne ya zo cika butarsa, ya sunkuya kusa da buzun yana gyara takalmi. Bai taɓa ɗaukar garwa ba a rayuwarsa, amma ya koma shago yana ɗingishi.

Mai farantin gyaɗa babu abin da ba ta ji. A bakin matan 'yan ga-ruwa na ji cewa an gama magana: da an sauko daga Arfa, mahajjata sun watse, za su je wurin umda, mai unguwa ke nan, a karɓi tsumagiya a ba mataimakin Baba, wani Badamagare mai sanyin hali. Na san yadda ake yi. Umda yakan aiko yaransa har gida su naɗe buzun a gaban maƙwabta. An yi wa shehun wani bazan a Jarwal haka, tun daga ranar bai sake leƙo ƙofa ba sai da aka fito da shi a makara. Na rantse a raina ba za a yi wa ubana haka ba. Ya sauka da ƙafarsa kafin a sauke shi, abin da nake so ke nan, kuma ba ni da lokaci sai zuwa hajji.

Inna ta gwada, ya ce idonta ya fi nasa lalacewa tunda har ta ga tsufa a jikinsa. Liman ya gwada, Baba ya tambaye shi yaushe shi zai bar limanci. Abu ɗaya ne ke shiga kunnen Baba ba tare da ya yi faɗa da shi ba, shi ne labari.

Ana cikin haka Kawu ya dawo daga gabas. Ƙanen Inna ne, ya yi shekaru a garin kamfanin mai, can bakin teku, yana aikin kicin a gidan wani Ba'amurke. Matar gidan malamar makaranta ce, kullum a kan teburin abinci take tusa wa 'ya'yanta tarihin shugabannin ƙasarsu ɗaya bayan ɗaya, Kawu yana tsaye da faranti yana kwasa. Sun kai kan na bakwai ke nan ya ga miyarsu ta cika lami, ya taimake su da yaji cokali biyu, aka sallame shi. Saboda haka a gidanmu Amurka ta yi shugabanni bakwai, daga nan tarihinta ya ƙare. Sunayensu ma ba sa zama a bakin Kawu, sai muka raɗa musu namu.

A bakinsa na ji abin da ya sa na kusa ƙona gyaɗata. Wai a can mutum yakan yi mulki shekara takwas, da lafiyarsa da ƙarfinsa, ya tattara kayansa ya koma gona, ba wanda ya kore shi. Na uku ya yi haka, na huɗu ya yi, na biyar ya yi.

"Na shida fa?" na ce.

"Wannan kayar da shi aka yi. Jama'a suka ce ba sa so."

"To Kawu, daga yau babu na shida a Amurka. Ka ba Baba labarin ukun nan, kowane dare ɗaya, ka ja wurin saukar da kyau. Furarka ta kullum tana wuyana."

Kawu zai iya sayar da Amurka gaba ɗaya a kan ƙwaryar fura. Ga shi ƙanen mata, akwai wasa tsakaninsa da Baba, yana faɗa masa abin da wani bai isa ba. Bayan magariba muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Inna ta ɗora shayi, Kawu ya gyara murya.

Ya fara da na uku, wanda muka sa wa Dogo. Dogo ne mai jan gashi, mai son littafi da ƙere-ƙere, kuma bai damu da ado ba. Jakadan Ingila ya zo gaishe shi cikin kayan zinariya, Dogo ya fito masa da silifas ɗin cikin gida. Baba ya yi dariya har ya ƙware, ya ce wannan namiji ne. A zamaninsa Faransawa suka sayar masa da wata ƙasa mai faɗin da ta ninka tasu, alhali mai sayarwa da mai saye babu wanda ya taɓa zagaya ta.

"Da ya cika shekara takwas, ya Shehu, sai ya ce halas, ya isa haka. Ya miƙa wa abokinsa, ya hau doki ya koma gidansa a kan dutse."

"Wa ya kore shi?"

"Ba kowa."

"Ciwo ya kama shi?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"To mahaukaci ne," in ji Baba, ya miƙa kofi a ƙara masa shayi.

Washegari aka shiga na huɗu, Guntu, ɗan mitsitsin mutum mai kaifin kai. A zamaninsa aka yi yaƙi da Ingilishi, suka shigo har babban birni. An riga an jera abinci a gidan mulki aka ce ga su nan, kowa ya ranta a na kare. Sojojin suka zauna suka cinye abincin tas, sannan suka cinna wa gidan wuta. Wannan ya ɓata wa Baba rai ƙwarai, ba ƙona gidan ba, cin abincin. Inna kuwa matar Guntu ta tsana, da ta ji wai a cikin gudun sai da ta tsaya a ciro mata hoton shugabansu na farko daga bango.

"Hoto? Ga tukwane a kan wuta? Wannan ba ta san zafin aure ba."

Da Kawu ya zo wurin sauka, ya ja shi kamar yadda muka yi. Guntu ma shekara takwas, ya koma gona. Baba ya ce ashe haukan gado ne a garin. Amma na lura bai yi dariya ba.

Labarin bai tsaya a gidanmu ba, don Baba da kansa ya riƙa kai shi bazan da safe, ya ƙara masa gishiri. Kafin mako ya zagayo akwai Dogo da Guntu a cikin 'yan ga-ruwa, kuma duk wanda aka cinye wa tuwo kafin ya dawo daga kai ruwa sai a ce Ingilishi sun shigo masa. Wurin saukar ne kawai Baba ba ya kaiwa. Wannan ya nuna mini maganar ta shige shi.

Na biyar muka sa masa Mai Iyaka, don shi ne ya aika wa sarakunan Turai cewa su tsaya a nasu gefen teku, kada wanda ya sake zuwa neman ƙasa a gefen Amurka. Baba ya ce haka shi ma ya yi wa 'yan bazan ɗin Zahir da suka fara kawo ruwa unguwarmu. Kawu ya kai ƙarshe: shekara takwas, ya sauka, ya koma gona, mutane na yi masa addu'a. Baba yana ta juya kofi a hannu. Ni har na fara lissafin irin ragon da za mu yanka ranar sauka. Inna ta taka mini ƙafa don in daina murmushi.

Can Baba ya ce, "Kai, kuku. Su ukun nan duk ka ce sun koma gona sun huta. Tsofaffi ne. Wa ke yi musu noman?"

Na yi wa Kawu ido. Kawu yana kallon ƙwaryar furarsa.

"Bayi, ya Shehu."

"Waɗanne irin bayi?"

"Baƙaƙe. Irinmu."

Ba wanda ya sake kurɓar shayi. Baba ya taho daga ƙasar Kano a ƙasa yana saurayi, shi da ƙanensa, suka ratsa Sudan suna noman ƙodago, suka ƙetare teku a jirgin katako. A hanyar da ke tsakanin gaɓa da Makka aka sace ƙanen, yana bin ayari a baya. Baba ya yi shekaru yana leƙa gidajen manya da sunan kai ruwa, ko zai gan shi. Abin da ya sa shi ɗaukar garwa tun farko ke nan. Ba a yin maganar a gidanmu, amma saboda ita ne har na girma ba a aikena bayan la'asar ni kaɗai.

"Har Dogo mai silifas?" in ji Baba.

"Shi ya ma fi su yawa."

"To ba sauka suka yi ba. Daga kan kujera suka koma kan wuyan mutane." Ya tashi ya shiga ɗaki.

Raina ya ɓaci da Kawu, ya ɓaci da Dogo, ya ɓaci da ni kaina da ban taɓa yin tambayar ba. Na ji kunya kuma, don na yi kwana uku ina yi wa mutanen nan kirari a tsakar gidan ubana. Amma hajji na matsowa, an fara ganin mahajjata a lungu, ba ni da lokacin kunya. Na ce wa Kawu gobe ya kawo na bakwai, ya ba Baba dariya tukuna, ma san yadda za mu gyara.

Na bakwai kuwa akwai abin dariya. Mai Zafin Kai muka sa masa, tsohon soja ne da ya sha fito-na-fito da bindiga har akwai harsashi a jikinsa. Ranar da ya hau, talakawa suka cika gidan mulki maƙil, suna hawa kujerun alharini da takalma masu taɓo don su hango shi, suna fasa kofuna, har sai da aka fitar da shi ta wata ƙofar, aka kai abin sha waje don a yaudare su su fita. Inna ta yi dariya har da hawaye. Baba bai ko motsa ba.

"Shi ma yana da bayin?"

"Yana da su."

"Jiya biyar, yau bakwai. Idona ne ya mutu, ba lissafina ba. Ina na shida?"

Karo na farko ke nan da na ji Baba ya ambaci idonsa. Na buɗe baki in ce na shida bai daɗe ba, babu wani labari a kansa. Kawu ya riga ni. Mutumin da ya iya labari ba ya iya riƙe mai daɗi a ciki, ko nawa aka ba shi fura.

"Ai na shida shi ne Mai Wanka! Ɗan na biyu ne. Da sassafe yakan tafi kogi ya tuɓe ya yi iyo, yana shugaban ƙasa. Ba shi da fara'a ko kaɗan, gaskiya tsirararta yake faɗa, shi ya sa bai yi farin jini ba. Shekara huɗu kawai suka kayar da shi, suka ɗora Mai Zafin Kai."

"Suka kore shi."

"Suka kore shi, ya Shehu."

"Sai ya koma gona."

"Ina! Majalisa ya koma, inda wakilan garuruwa ke zama. Mutumin da ya riƙe ƙasa duka, ya zo ya zauna a kujerar wakili ɗaya cikin yara, sai an ba shi izini ya yi magana. Kuma maganar bayin nan ya riƙe musu wuya da ita. Suka kafa doka kada a sake tayar da ita a zauren, kullum sai ya san yadda ya tayar. Har ya tsufa tukuf yana nan. A kan kujerar ma ya faɗi, aka ɗauke shi."

"Shi nawa gare shi?"

"Bayi? Ko ɗaya."

Baba ya ce a maimaita masa daga wurin kogi. Kawu ya maimaita. Ni kuwa na ce shi ke nan, shirina ya rushe, an nuna wa Baba mutumin da ya mutu a bakin aiki. Na hana Kawu fura kwana biyu.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka aiko yaro wai in sauko bazan. Na tarar Baba ya tara 'yan ga-ruwa duka, ya shimfiɗa buzu da hannunsa, kowa na raba ido yana tunanin wa za a zane yau. Baba ya kira mataimakinsa.

"Yi magana in ji inda kake, kada in ba wani."

Aka yi dariyar da ba a shirya ba. Badamagaren ya ce, "Ga ni, ya Shehu." Baba ya bi muryar, ya kama hannunsa ya danƙa masa tsumagiya, ya sunkuya ya sumbaci kansa. Mutumin ya fashe da kuka. Waɗanda suka shirya zuwa wurin umda su suka fi kowa kuka, na tsaya na ƙare musu kallo ɗaya bayan ɗaya don su san na sani. Ba umda, ba yaran umda. Na hau dutse ina jin kamar ni na sayi ƙasar Faransawan nan. Na sayo wa Kawu tsire, na ce na yafe masa na shida.

Da asuba ƙarar garwa ta tashe ni. Na fito na ga Baba a tsakar gida ya ɗaure ƙugu da tsohon ƙyalle, yana laluben igiya yana ɗaura ta a jikin sandar da ta yi shekaru a saman ɗaki.

"Baba, ina za ka?"

"Majalisa."

"Don Allah ka ajiye. Ba haka muka... ba haka ake yi ba. Ka sauka, sai ka huta."

"Uwata," haka yake kirana, "na san furar wa kuku ke sha. Kin yi dabara, Allah ya yi miki albarka. Amma in na zauna, wa zai yi mini noman? Farantin gyaɗarki?"

Na yafa mayafi na bi shi a baya, yana sauka a hankali, ƙafarsa ta san kowane dutse ko da ido bai gani ba.

A bazan layi ya riga ya yi tsawo. Baba ya je can ƙarshe ya ajiye garwarsa bayan ta wani ɗan Yaman da bai fi wata biyu da fara aiki ba. Da suka gane shi sai layin ya dare gida biyu, kowa na janye garwarsa yana cewa Shehu ya wuce. Nan Baba ya daka musu tsawar da suka saba ji.

"Wa ya ce ku ɓata layi? Ina shehun wurin nan? Kana tsaye ana wannan a gabanka?"

Sabon shehu ya zo da tsumagiya a hannu kamar an ba shi riƙon maciji. Ya dubi Baba, ya dube ni, sannan ya ce kowa ya koma inda yake. Hukuncinsa na farko ke nan. Suka koma, Baba ya tsaya a ƙarshe har rana ta fito, yana matsar da garwa da ƙafa in layi ya motsa. Mai buɗe famfo ya so ya tsaya a rabi, Baba ya ɗaga ya ji nauyin, ya ajiye ya ce a cika.

Sawu huɗu ya yi ran nan. Da yamma ya zauna a tabarma ya cire riga, na ga kafaɗar. Kantar da ta yi masa shekaru tana kare shi ta tafi tun zamanin da ya karɓi tsumagiya, fatar ta koma laushi, sandar ta tsaga ta. Na ɗumama man zaitun ina shafa masa. Na so in ce masa ya isa haka, ya nuna musu, gobe ya zauna. Da na gama sai ya juyo gare ni.

"Uwata, gobe ki tashe ni kafin kiran farko. Yau ni ne na ƙarshe a layi, har ɗan Yaman ya riga ni."

Na ce to. Na shiga kicin na yi kukana a gaban kaskon gyaɗa inda ba zai ji ba. Kafin kiran farko na je na tashe shi.